Malama Haulatu da Kwamfutar Ƙonni

Duk wanda ya yi karatu a Islamiyyar gidan Malam Muhyiddini da ke Illela cikin shekaru goma sha biyar ɗin nan, takardar jarrabawarsa daga hannun Yaya Haulatu ta fito. Ni sunana Atika, 'yar ƙanin mahaifinta ce. A gidan na tashi, yanzu kuma ina koyar da 'yan aji huɗu a makarantar. Yawancin abin da zan faɗa a gabana aka yi shi, sauran kuma ita ta ba ni labari.

Ita ce ta uku cikin 'ya'yan Malam. Tun tana ƙarama aka gane hannunta ya fi na yayyenta maza kyau a rubutu, sai Malam ya riƙa zaunar da ita gefen buzunsa bayan la'asar, yana faɗa tana rubutawa. Malam yana da darussan fiƙihu da ya tsara da kansa cikin Hausar ajami, saboda manoman Araba da Lafani da Darna da ke zuwa ɗaukar karatu da girmansu, waɗanda Larabci ya yi wa nisa. Rabin darussan suna cikin kansa, rabi kuma a wasu takardu da gara ta fara taɓawa. Da ta yi aure ma ba ta yi nisa ba. Mijinta Alhaji Nu'manu, mai fataucin albasa, gidansa yana bayan namu, kullum da hantsi tana shigowa da mayafinta da jakar takardu.

Alhaji Nu'manu ne ya kawo maganar kwamfuta, a shekarar 2008. Ya je kasuwar Laraba a Ƙonni, tsallaken iyakar Nijar, ya ga wani mutum a wani ɗan shago bayan tasha yana buga Larabci a inji, takarda tana fitowa tsaf kamar littafin Misira. Da ya faɗa wa Malam, sai Malam ya ce, "A kai Haulatu ta gani. In ya iya Larabci, a tambaye shi ko ya iya namu."

A lokacin tsallaka iyaka bai fi zuwa wata unguwa wahala ba. Laraba ta gaba suka tafi. Mai shagon sunansa Mukhtari, siririn mutum mai tabarau, ya yi karatu a Yamai ya dawo gida yana sayar da tsofaffin kwamfutoci da ake kawowa daga Faransa ta Kwatano. Shi odinater yake ce musu, irin na mutanen Nijar. Matarsa Shafa'atu tana bakin ƙofa da faranti tana sayar da kwaɗon zogale.

Alhaji ya dubi kantar ya ce, "Wace ta hi kyau cikinsu?"

Mukhtari ya ce, "Duk masu kyau na, Alhaji. Amma na ga ba kai za ka yi aiki da ita ba." Ya juya wajen Yaya Haulatu. "Malama, mi kike son ki yi da ita?"

Ta ciro shafi ɗaya na darasin Malam ta miƙa masa. Ta ce min ya fi minti goma yana bin shafin da yatsa, leɓensa na motsi. Ya tsaya a kan harafin tsa mai ɗigo uku a sama, ya tsaya a kan wasu biyu da Larabawa ba su da su. Sannan ya ce injin ya san Larabci amma bai san waɗannan ba, kuma ba zai sayar mata da abin da zai tsaya mata a tsakiyar layi ba. A bar masa shafin, a dawo bayan sati biyu. Alhaji ya so ya ɗauki injin ranar, har ya ɗan ji haushi, Mukhtari ya ƙi.

Da suka koma, ya zana haruffan da kansa ya sa su cikin injin. Ya yanka 'yan ƙananan takardu, ya rubuta baƙaƙen Larabci da alƙalami, ya manna kowanne a kan madanninsa da farin salatif. Ya kuma nuna mata inda za ta danna ta sami ƙ da ɗ da ɓ idan boko take bugawa. Madannan injin tsarin Faransa ne, harafin A yana sama a farkon layi, amma ita ba ta taɓa ganin wani tsari ba, don haka yatsunta suka tashi a kan wannan.

Laraba uku a jere tana zuwa Ƙonni koyo. Shafa'atu takan bar farantinta ta shigo ta zauna tare da su, tana tsinkar zogale tana yi wa mijinta tsiya cewa ya cika sauri. Shi kuwa in Yaya ta yi kuskure ba ya karɓe injin ya gyara. Sai ya naɗe hannu ya ce, "Sake dubawa, Malama. Ba ya cizo." Shi ya koya mata ajiye kwafin kowane aiki a filash, ya ce inji kamar mutum yake, ba ya sallama ranar da zai tafi.

Bayan nan, duk Lahadin da ya shigo kasuwar Illela sai ya biyo ta zaurenmu. Ya yi sallama, ya durƙusa ya gaida Malam, a fito masa da injin ya duba. Wata rana ya canza salatif ɗin da ya ɗago, wata rana ya ce batirin ya fara gajiya, a daina barinsa a jikin wuta. Malam ya yi masa addu'a, Alhaji ya sa a ɗaura masa albasa a bayan babur. Mu yara a lokacin muna kiransa Baba Odinater, yana jin mu yana dariya.

Aikin Yaya ya yi ta faɗaɗa ba tare da ta nema ba. Daga jarrabawar makarantarmu sai ta wasu Islamiyyu biyu, sai katin ɗaurin aure da na walimar sauka. Fatake masu kai kaya Tawa da Yamai suka riƙa kawo mata wasiƙun Faransanci da aka rubuta musu da hannu. Ba ta jin ko kalma ɗaya, amma takan buga su harafi bayan harafi, har da 'yan alamomin da ke bisa kansu, ba a taɓa dawo mata da ko ɗaya ba. Babban aikin dai shi ne darussan Malam. Shekara takwas suka ɗauka. Idanunsa sun riga sun tafi, don haka ita ke karanta masa daga fuskar injin, shi yana jingine da bango yana cewa, "A'a, ba haka nic ce ba, koma baya." Suka kammala shafi ɗari huɗu da goma sha biyu a 2016. Bayan wata biyu Malam ya rasu. Ba a buga littafin ba, saboda yayyenta sun ce sai wani babban malami ya duba tukuna, kuma kowace shekara sai a ce baɗi.

Cikin waɗannan shekaru inji uku ta yi, duk na kamfani ɗaya, duk daga hannun Mukhtari. In ɗaya ya tsufa, ta kai masa da safe, kafin la'asar ya kwashe komai ya zuba a sabon, da haruffansa da takardun manne, ta dawo gida ta ci gaba daga layin da ta tsaya. Ita a zatonta haka sayen kwamfuta yake a ko'ina.

A watan Agusta na 2023 aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar. Cikin satin nan aka yi wani ruwa mai tsawa, aka ɗauke wuta, aka dawo da ita da ƙarfi. Muna tsakar gida muka ji ƙaurin roba. Injin bai sake kunnuwa ba. Yaya ta kira lambar Mukhtari, Shafa'atu ta ɗauka. Ta ce ai Malam Mukhtari yana asibiti sati uku ke nan, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ma ba ta fita sosai. Yaya ta yi mata jaje, ba ta ko ambaci injin ba.

Jarrabawar kafin Mauludi ta matso. Akwai masu tsallakawa ta hanyar daji a kan babur, amma Alhaji ya ce matarsa ba za ta bi nan ba, kuma ko ta je wa za ta samu? Ya ce Sakkwato za a tafi a sayi sabuwa fil, ta huta da tsofaffin kayan Faransa. Ni na raka su.

Shagon babba ne, gilashi tun daga ƙasa har sama, sanyin na'ura yana dukan mutum tun daga ƙofa. Wani saurayi mai suna Jabir ya tarbe mu, sanye da riga mai sunan shagon, da abin sauraren waya a kunne ɗaya. Yaya ta faɗa masa sunan kamfanin injunanta na da.

Ya ce, "Wannan ai ya tsuhwa, Hajiya. Yanzu wagga aka yayi." Ya nuna wata siririya mai launin azurfa, ta wani kamfani daban, wadda ba ta kai allon karatu kauri ba.

Yaya ta ciro shafin darasin Malam daga jaka, irin wanda ta buga. Ya kalle shi daga inda yake tsaye, bai karɓa ba.

"Larabci? Duk harsunan duniya na ciki."

"Ba Larabci ba na, ajami na. Kuma ina da rubutu mai yawa cikin filash. Zai buɗe?"

"Komi zai buɗe, Hajiya."

Ta ce to a kunna a gwada a gabanta. Ya ce ba a buɗe kwali sai an biya. Alhaji ya je ya biya. Kafin mu juyo, Jabir ya riga ya koma wajen wani mai sayen talabijin. Da Yaya ta bi shi ta ce a kunna ɗin, sai ya ce injin ba ya buƙatar komai, ta je gida ta danna, da kansa zai gaya mata abin da za ta yi.

A gida da farko abin dariya ya ba mu. Ta zauna ta buga kalmar jarrabawa yadda yatsunta suka saba, ba ta kallon madannan, sai ga Jqrrqbqzq a fuskar injin. Tsarin Ingilishi ne, haruffan sun canza wuri. Muka yi ta dariya har da hawaye. Daga nan dariyar ta fara raguwa. Ba ta ga inda za ta juya zuwa Larabci ba. Firintarta ta ƙi amsa wa sabon injin. Filash ɗin ma ba shi da ramin shiga, sai da na je kasuwa wajen masu kayan waya na samo wani ɗan abin haɗi. Da ya shiga, ta buɗe babi na farko na littafin Malam. Tun daga sama har ƙasa babu harafi ko ɗaya, sai 'yan akwatuna fanko a jere, layi bayan layi. Ta buɗe na biyu, haka. Na bakwai, haka.

Ta juyo wajena ta ce, "Atika, karatun Malam ya koma akwatuna."

Bayan kwana biyu muka koma Sakkwato mu biyu a motar haya. Mun yi kusan awa ɗaya a tsaye kafin Jabir ya zo, kuma na ga alama bai gane mu ba. Yaya ta buɗe injin a kan kanta ta nuna masa.

Ya ce, "To ai ya buɗe, Hajiya. Ga shi nan."

"Wanga shi na buɗewa? Kai kac ce mini komi zai buɗe."

"Mu saidawa muke yi. Wagga matsalar rubutunki ta, ba ta inji ba. Ki duba intanet, akwai bidiyo."

Ta ce a kira mata babbansu. Manajan ya fito, mutum mai ladabi, ya saurare ta har ƙarshe, sannan ya ce kayan da aka buɗe kwalinsa ba a mayarwa, kuma injin lafiyarsa lau. Ya rubuta mata wata lamba ta masu kula da abokan ciniki. Muka kira a nan take. Kiɗa ya yi ta tashi, wata murya tana Turanci tana cewa a danna ɗaya, a danna biyu, har katin wayata ya ƙare. Daga ƙarshe aka tura mu sama wajen mai gyaransu. Shi kuma ya ce bai cika taɓa irin wannan kamfanin ba, amma bari ya gani. Ya sa filash ɗin a nasa injin, ya buɗe babi ɗaya, ya danna nan ya danna can, ya ce rubutun ya lalace, abin da ya fi shi ne a wanke filash ɗin gaba ɗaya a fara sabo. Ban taɓa ganin Yaya Haulatu ta miƙa hannu gaban namiji baƙo ba sai ranar. Ta zare filash ɗin daga jikin injinsa ta ƙulle a bakin mayafinta.

A mota ba ta yi maganar shagon ba. Daga Gwadabawa har gida labarin Ƙonni take ba ni: kujerar roba mai karyayyar ƙafa da Mukhtari yake tokarewa da bulo, da yadda Shafa'atu take ƙara mata ƙuli a kwaɗo, da ranar da Malam ya sa aka ɗora hannunsa a kan madannan don ya ji abin da 'yarsa ke taɓawa. Ta ce, "Shekara goma sha biyar ban taɓa yi ma Malam Mukhtari godiya yadda ta kamata ba. Na ɗauka aikinshi na."

Jarrabawar wannan shekarar da hannu ta rubuta ta, aji shida, muka kai aka yi hoto-kwafi. Sabon injin ta mayar da shi kwalinsa ta ɗora a kan sif. Masu katin aure da fatake suka koma wani wuri.

An buɗe iyaka a watan Maris na 2024, cikin azumi. Bayan sallah da sati ɗaya Alhaji ya kai mu Ƙonni. Shagon bayan tasha ya zama na masu sayar da rigunan waya. Wani mai shayi ya kwatanta mana gidan. Muka sami Mukhtari a kan tabarma ƙarƙashin rumfa, ya rame, hannun dama yana kwance a cinyarsa. Maganarsa ta dawo amma a hankali take fita. Da ya ga Yaya sai ya ce, "Malama. Inji ya mutu ko?"

Ta ce gaisuwa ta zo. Ya ce ya sani, amma ga jaka a hannunta. Ta buɗe sabon injin ta nuna masa akwatunan. Ya gyara tabarau da hannun hagu, ya duba, sai kafaɗarsa ta fara rawa. Dariya yake.

"Rubutunki na nan, Malama, bai tahi ko'ina ba. Haruffan nawa na, ni niz zana su. Injin da ban sa ma su ba, bai san su ba."

Ya sa Shafa'atu ta jawo wani tsohon inji daga ƙarƙashin gado, irin na Yaya na biyu, mai haruffan da ya zana a ciki. Aka jona shi da batirin sola, aka sa filash. Ga babi na farko ya fito, da bisimillarsa da harafin tsa mai ɗigo uku, kamar jiya aka buga. Yaya ta rufe fuska da mayafi. Shafa'atu ta ce mu ba ta wuri, muka koma wajen murhu.

Ranar bai taɓa komai da kansa ba sai kaɗan. Yana faɗa tana dannawa, har ta mayar da kowane babi irin takardar da kowane inji zai iya nunawa ya kuma buga. Sannan ya ce a miƙo masa sabon. Bai taɓa riƙe irinsa ba. Ya juya shi, ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya ce inji ne mai kyau ƙwarai. Da yatsa ɗaya ya yi ta lalube cikinsa, bai fi minti biyar ba ya sami inda ake mayar da madannan tsarin Faransa, ya sami na Larabci, ya kuma gaya mata abin da za ta ce a sa mata don firinta ta amsa.

Yaya ta ce, "Minti biyar, Malam Mukhtari. Ni ko sau biyu nit tahi Sakkwato."

Ya ce, "Yaron bai sani ba na. Ba wanda ya zaunar da shi ya koya mishi. An ba shi riga an ce ya saida."

Babi ɗaya ne kawai ya ƙi dawowa, wanda mai gyaran Sakkwato ya buɗe ya danne. Shafi goma sha ɗaya ne, a kan zakkar amfanin gona. Mukhtari ya gwada duk abin da ya sani, ya ce wannan kam ya tafi. Ya ba ta tsohon injin ya ce ta tafi da shi, a nan ƙarƙashin gado ba ya yi wa kowa amfani.

Wannan karon Yaya ba ta jira yayyenta ba. Ta buga shafi ɗari huɗu da ɗaya, aka ɗinke su a Sakkwato da koren bango, kwafi ashirin. Mukhtari ya ga nasa kafin ya rasu a cikin daminar bara. Muka je ta'aziyya, muka wuni wajen Shafa'atu.

Yanzu injuna biyu ne a kan teburinta. Sabon tana yin kati da jarrabawa da shi, kuma ta yarda ya fi sauri. Tsohon ba ta kunna shi sai ranar Alhamis, da ba a makaranta. Ranar ce Malam Uzairu yake zuwa daga Araba a kan babur. Dattijo ne manomin gero, ya yi shekara ashirin yana ɗaukar karatu wajen Malam, kuma babin zakka ya fi kowane zama a kansa saboda shi ya shafe shi. Yakan zauna a zaure, ita tana daga cikin ƙofa, yana kawo abin da ya tuna tana bugawa. Sun sami shafi bakwai. Makon jiya sun tsaya a kan jimla ɗaya, shi yana cewa Malam damma ya ce, wato damin gero fiye da ɗaya, ita tana cewa dami ya ce, guda ɗaya, har aka kira azahar ba su daidaita ba. Ya ce zai tambayi wani abokin karatunsa a Lafani ya dawo mata da amsa.